La'asar ɗin Kano a Filin Nahda

Ranar wata Juma'a ce a tsakiyar watan Yuni, shekarar da na cika sha ɗaya, aka fito da golanmu Sadik daga cikin raga yana tallafe da hannunsa na dama, yana kuka ba sauti. Ya yi tsalle ne zai cafe ƙwallo ya dawo ƙasa a kan wuyan hannu, har waɗanda ke kusa suka rantse sun ji ƙarar ƙashin. Ni a lokacin ina zaune kan wata tsohuwar taya a gefen fili, na cire takalmi ɗaya ina zazzage yashi, hankalina kwance, domin muna cin yaran Nahda uku da ɗaya. Sai na ji Koci Isufu yana kiran sunana: "Nafi'u, yalla, allez, shiga." Na waiga baya ko Allah zai sa akwai wani Nafi'un. Babu. Ya zare safar hannun Sadik da ta jiƙe sharkaf da gumi ya cusa mini, ya tura ni da tafin hannu a tsakiyar baya. Wata takwas ina amsa sunan gola na biyu, ban taɓa kawo wa raina cewa wata rana za a neme ni da aikin ba.

Sai na faɗi inda muke zaune kafin a gane abin da wannan fili yake a wurina. A unguwar Muraqqabat na tashi, cikin Deira ta Dubai, a hawa na biyar na wani bene da lif ɗinsa ke nishi kamar tsoho. Gidan ɗaki uku ne. Ɗaya namu, ni da Baba da Umma da ƙanwata, sauran biyun kuma na baƙi ne, 'yan kasuwar Kano da ke zuwa saro kaya su yi mako ɗaya ko biyu su koma. Ba mu da tsakar gida, ba mu da ƙofar gida da yaro zai zauna. Abin da muke da shi wani siririn lungu ne tsakanin ɗakuna, shi ma kullum cike da kwalayen takalma da turare da yadi har kusa da silin, sai mutum ya karkace yake wucewa. Tagarmu bangon wani bene take kallo, inda esin maƙwabta, na'urar sanyaya ɗaki, ke ɗigar da ruwa dare da rana. Aikina a gidan shi ne riƙe bakin kwali a manna masa tef, da rubuta sunayen masu kaya da baƙar makar rubutu, saboda an ce rubutuna ya fi na manya fita. Ko aiken burodi ban cika samu ba, don waya kawai ake yi a kawo daga shagon ƙasa. Idan na dunƙule safa na fara bugawa a lungu, Umma za ta leƙo ta ce, "Ka fasa wa mutane turare ka ga yadda za mu kwashe da kai." Daga gida sai motar makaranta, daga motar makaranta sai gida. Da zafi ya shigo kuwa, ko tagar ba a buɗewa. Baba yakan ba mu labarin yadda suke fita tun safe suna yara, su je kududdufi, su hau bishiyar mangwaro, ba a ganinsu sai yunwa ta koro su, ni kuma ina saurare kamar ana ba ni labarin aljanna.

Ranar Juma'a kaɗai ƙofa ke buɗe mini. Koci Isufu mutumin Maraɗi ne, direban wani kamfanin kargo, kuma maigidansa ya yarda ya riƙa ɗaukar motar kamfanin duk Juma'a da yamma. Kujera sha huɗu ce a cikinta, kuma 'yan wasa kaɗai ke da kujera. Ni Allah bai ba ni ƙafar ƙwallo ba. In na buga gabas sai ta tafi kudu. Amma na lura babu yaron da ke son a kira shi gola na biyu, kuma kowa ya san Sadik ba ya ciwo, ba ya fashi, ba ya gajiya. Sai na ɗaga hannu. Da wannan wayon na samu kujerar gefen taga ta ƙarshe, na riƙa kallon gari yana wucewa har mu isa Nahda, can bakin iyakar Sharjah, inda akwai wani fegin yashi da ake ajiye motoci a ranakun aiki. A nan ne kawai nake ganin sama tun daga wannan gefe har wancan. Turakun gola bututun ƙarfe ne, ragar kuma irin wadda ake ɗaure kaya da ita ce a sito. Dokokin Koci biyu ne tak. Ta farko, ba agogo ba usur: ana take wasa in rana ta yi sanyi, ana tashi da kiran magariba, duk inda ƙwallo take, ko da tana iska ne ta nufi raga. Ta biyu kuma ita yake maimaitawa kowane mako kafin ya tayar da mota: "Wanda ya ɓarar, na yafe. Wanda ya gudu ya bar 'yan'uwansa, khalas, shi ke nan, ba shi da kujera." Ba barazana ba ce, mun ga ya sauke wani yaro da ya yi fushi ya fita ana tsaka da wasa, bai sake hawa motar ba.

'Yan kallonmu iyayenmu ne da baƙinsu, mutanen da suka kwashe kwana shida tsakanin shago da sito, suka zo da tabarma da filas ɗin shayi suna neman inda za su sauke muryar da suka danne duk mako. Ba ƙaramin abu suka ɗauki wasan ba. Tun farkon shekara yaran Nahda ba su ci mu ba, kuma wannan magana tana bin iyayensu har cikin kasuwa. Babban mai bakinmu shi ne Alhaji Ɗanlami mai takalma, wanda tumbinsa ke riga shi isa ko'ina, bai taɓa buga ƙwallo ba amma ya san abin da ya kamata kowa ya yi. Baba ba ya cikin masu hayaniya. Yakan zauna can nesa a inuwar katanga da carbinsa, wasu lokutan ma ban tabbata yana kallo ba.

Ƙwallon farko da ta zo mini a hankali ta zo, tana birgima kamar mai neman hanya. Na durƙusa da hannu biyu, na rufe ido, ta bi ta tsakanin ƙafafuna. Ta biyu daga kwana aka bugo. Na fito da gudu zan naushe ta, na naushi kunnen mai tsaron bayanmu, wani ɗan tsurut cikin yaran Nahda ya sa mata kai. Uku da uku. Daga nan na daina jin komai sai muryoyi. "Wa ya kawo mana wannan kwandon?" "Koci, sa kwali a wurin, ya fi shi tare ƙwallo." Yaran Nahda sun gane, suka daina wahalar da kansu da yanke kowa, daga tsakiyar fili ma bugowa suke yi. Wata ta daki turke, wata ta daki ƙirjina ba tare da na yi niyya ba. Safar ta yi mini yawa, gumi na shiga idona. Gaba maƙiya, baya raga, hagu da dama mutanen da zan haɗu da su a lungun gidanmu gobe da safe. Ban taɓa sanin wuri mai faɗi haka zai iya matse mutum ba. Abu ɗaya nake roƙo a zuciyata, Allah Ya kawo magariba.

Baba yana da waya biyu. Ɗaya ta harkar Dubai, ɗayar kuma wata ƙarama mai madannai da bai taɓa canza mata lokaci daga na Kano ba. Yawancin 'yan kasuwarmu haka suke yi, don su san yaushe aka buɗe shago a gida. Amma Baba ya ƙara da sa mata kiran sallar la'asar. Awa uku ce tsakaninmu da Kano, don haka a watan Yuni takan yi kiran ne wajen bakwai saura minti goma na yammarmu. In ta yi, sai ya ba da kamar minti sha biyar, ya san mahaifiyarsa Inna ta idar tana zaune kan dardumarta, sannan ya kira ta. Kullum haka, ko yana tsakiyar ciniki. Sauran Juma'o'in tana yin kiranta ne can a inuwar katanga, ba mai ji sai shi. A ranar, da ya ga an sa ɗansa a raga, sai ya naɗe carbinsa ya taso ya tsaya daf da bayana. Ban waiga ba. Na dai ji ƙamshin turarensa na san shi ne.

Ɗan gabansu ya yanke mutum biyu ya taho shi kaɗai, ba kowa tsakanina da shi, sai wayar ta ɗauki kabbara. Na miƙe tsaye, na zare safa, na fita daga raga ina tafiya a natse irin ta mai bin doka. Yaron ma sai da ya ɗan tsaya don mamaki, sannan ya tura ƙwallon da gefen ƙafa. Huɗu da uku. Minti ashirin bayan haka masallatan Nahda suka kira magaribar gaske, kuma ba mu rama ba.

A nan zan faɗi abin da ban faɗa wa kowa ba a lokacin. Na san muryar nan. Tun ina rarrafe nake jin ta a ɗakinmu, na san inda take shaƙewa saboda lasifikar wayar ta tsage. Ban ɗauke ta magariba ba ko na daƙiƙa ɗaya. Ƙofa na gani a buɗe na bi, kuma tun kafin ƙafata ta biyu ta fita daga raga na san abin da na aikata sunansa gudu, na kuma san hukuncinsa.

Fili ya kaure. Mutanenmu suka ce ba ci ba ne, an kira salla. Mutanen Nahda suka ce a nuna musu masallacin. Alhaji Ɗanlami ya cire hula yana fifita da ita yana cewa kiran salla kiran salla ne ko daga ina ya fito, wani dattijo ɗan Damagaram daga ɓangaren Nahda ya ce to in haka ne gobe shi ma zai zo da na Jakarta a aljihu, ya saki duk sanda aka matsa musu. Har liman aka tsayar bayan an idar da magariba, bawan Allah ya saurari ɓangare biyu ya ce shi ba a karantar da shi wannan babin ba. Koci Isufu bai shiga gardamar ba. Ya zo ya tsuguna a gabana, ya dube ni cikin ido ya ce, "Bon. Gaya mini gaskiya, ka zaci magariba ce?" Na kauce wa idonsa. Ina ganin motar a bayansa, da kujerata ta gefen taga. Kafin in buɗe baki sai na ji muryar Baba a kaina: "Laifina ne, Malam Isufu. Ni na zo na tsaya masa a baya da waya. Yaro doka ya bi." Na sunkuyar da kai, aka ɗauki shiruna a matsayin amsa.

Makon da ya biyo baya shi ne mafi tsawo a ƙuruciyata. An yi hutun makaranta, abokan ajinmu duk sun tafi ƙasashensu, mu kuwa ba ma tafiya don lokacin ne aikin Baba ya fi yawa. Ba inda zan je in ɓuya. Maganar wasan ta shigo gidan ta zauna tare da mu. Baƙin ɗakin tsakiya suna tattauna ta a kan tiren shinkafa, na ɗakin ƙarshe suna tattauna ta suna ɗaure kwali, har waɗanda suka sauka daga jirgi ranar Litinin, ba su ga komai ba, suna da ra'ayi. Wasu suka ce Koci ne bai iya aiki ba, wata takwas bai taɓa gwada golansa na biyu ba. Wasu suka ce Sadik ne ya cika son burgewa, ƙwallon da za ta fita waje ya bi. Amma mafi yawa kan Baba aka taru. Aka sa masa suna Ladanin Kano. In ya shigo sai wani ya duba agogo ya ce, "Alhaji, shwaiya shwaiya, a hankali, bari mu gama cin abinci kafin ka tayar da mu." Alhaji Ɗanlami ya hau har hawa na biyar takanas, yana haki, don ya shaida masa cewa mutanen Nahda sun hana shi sakat a kasuwa, kuma duk shi ya jawo. Baba mutum ne mai gudun a ambaci sunansa a taro, ko ɗaurin aure ya je baya yake zama. Sai ga shi yana murmushi yana ba da haƙuri, yana ba manya, yana ba yaran da bai kai ya haifa ba. Ni kuma aka koma tausaya mini. Ana shafa kaina ana cewa yaro mai tarbiyya, ya ji kiran salla ya bar duniya. Wannan yabon ya fi zagin filin ciwo, kuma ina riƙe da bakin kwali nake karɓarsa.

Ranar Talata da yamma ina kwance a ɗaki ina kallon silin, bakwai saura minti goma ta yi, ban ji komai ba. Baba ya kashe kiran. Daga ranar ya koma duba agogo, kuma mai ciniki ba ya tuna agogo. Wata rana ya kira Inna ta riga ta shiga maƙwabta, wata rana ya tuna ana gab da magaribarsu. Na taɓa jin muryarta ta cikin wayar tana cewa, "Ko dai Dubai ta fara cinye mini kai ne?" Ya yi dariya ya ce aiki ne ya yi yawa. Sau uku a makon nan na shirya zan faɗa masa. Sau ɗaya har na bi shi bakin lif na ce, "Baba." Ya juyo. Sai na tuna bangon da tagarmu ke kallo, na tuna watanni biyu na hutu da ke gabana ba Juma'a a cikinsu, na ce masa makar rubutu ta kusa ƙarewa.

Kujerata ba ta tafi ba. Sai dai likita ya ce hannun Sadik sai ya yi mako shida a ɗaure, kuma babu wanda ya yarda ya karɓi safar. Haka na tsaya a ragar nan Juma'a shida a jere. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, ban gyaru ba. An ci ni ta sama, an ci ni ta ƙasa, an ci ni da ƙwallon da ni na miƙa wa mai bugawa. 'Yan kallonmu suka ragu, waɗanda suka rage kuma suka daina zagi suka koma addu'a, abin da ya fi nuna an fid da rai. Sadik na zaune kan tayata da farin hannunsa a wuya yana cije leɓe. Filin da nake ƙirga kwanaki don in gani ya zama wurin da nake fargabar zuwa tun daga daren Laraba, amma ban isa in ce na fasa ba, domin na san abin da aka biya aka bar mini shi. Baba bai koma inuwar katanga ba. Kowace Juma'a yana bayana a tsaye cikin rana, hannuwansa a baya, aljihunsa shiru. Ban sake fita daga raga ba sai masallatai sun kira, wani lokacin ma sai na ga kowa ya watse tukuna.

Yau fegin nan bene ne mai hawa da yawa, da kantin magani a ƙasansa. Koci Isufu ya koma Maraɗi, Sadik yana tuƙa babbar mota a Sharjah, hannun yana yi masa tsami in sanyi ya shigo. Ni ina nan a Deira, ina aikin da Baba ya bari, a wani gida da bai fi wancan faɗi ba. Yarana suna buga ƙwallo a fili mai ciyawar roba da rufi da sanyi, akwai alƙalin wasa da usur da agogo, ba wanda ke jiran ladan. Sun fi ni gata nesa ba kusa ba, amma ban ga suna manne fuska a gilashin mota don su ga sama ba, kuma wani lokaci nakan rasa ko in yi musu murna ko in tausaya musu.

Baba ya koma Kano bayan rasuwar Inna, gwiwa ta hana shi zirga-zirga. Bara da na je gida muna zaune a ƙofar gida bayan la'asar, na tattara ƙarfin halin da ban samu ba a bakin lif, na faɗa masa komai. Bai ko juyo ba. Ya ce, "Wayar da ka yi wasa da ita tun ba ka da haƙori? Ai tun kana zare safar na sani." Na tambaye shi to me ya sa ya bari aka yi ta yi masa dariya shekara da shekaru, don har ya bar Dubai wasu ba su san shi da wani suna ba sai Ladanin Kano. Ya kalli yaran unguwa da ke bin wata fasasshiyar ƙwallo a layi, sannan ya ce, "Ni na kai ka inda ba ƙofar gida. Da na faɗa, ina za ka je ran Juma'a?"

Na yi shekaru ina zaton ni kaɗai ne a kulle a gidan nan.